Kuɗin Fito da 'Yan Fito

Idan gidan rediyo ya ce gwamnati ta ƙara kuɗin fito, ɗan kasuwar Shinkafi ya san da kwastam ake. Amma fito tun asali aikin ruwa ne. Damina ta yi nisa, gulbin Gagere ko na Bunsuru ya kawo, falke ya iso da jakunansa, sai mai fito ya ɗora kayan a kan gora ko kwalekwale ya tsallakar da su, a ba shi ladansa. Da Turawa suka shata iyaka tsakanin ƙasar Zurmi da ta Maraɗi, sai aka sami wani gulbin da babu ruwa a cikinsa, sunan kuɗin tsallakewa kuma ya bi shi.

Abin da ya bambanta mai fito da ɗan kwastam a fili yake: mai fito yakan jiƙe kafin ya karɓa.

Kalmar ba ta tsaya a hannun hukuma ba. A garuruwan bakin iyaka, samarin da ke ɗauko shinkafar waje a kan babura ta ɓarauniyar hanya su ma 'yan fito ake ce musu. A ganina su suka fi cancantar sunan, domin su ne ke tsallakar da kaya a biya su lada. Hukuma kuwa fasa-ƙwauri take kiran aikinsu, suna mai tuna ƙafar da ta sha kututture da ƙaya cikin dare. Kasuwarsu ta buɗe sosai bayan hana shigo da shinkafa ta kan tudu a 2016, ta ƙara bunƙasa da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Kayan fita fa? Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa Ikko. Akwai haraji a kansu, amma manomi bai raɗa masa suna ba, don ba a hannunsa ake karɓa ba. A cikin farashi ake zare shi, musamman bayan kafa hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda aka rushe a 1986. Jangali da kuɗin ƙasa kam kowa ya san sunansu, tunda a lokacin har ƙofar gida ake biyo su. Yau masara da ɗanyun fatu na cikin kayan da doka ta hana fitarwa, don haka buhun masarar da ya nufi Maraɗi daga Zurmi shi ma hannun 'yan fito yake faɗawa.