Inci da Milimita: Tarihin Awo a Zanen Jirgin Sama

Tsarin da ake bi wajen nuna mazaunin kowane ƙarfe a zanen jirgin sama ya girmi jirgin saman kansa. Maƙeran jiragen ruwa na Turai ne suka fara yanka gangar jirgi a takarda ta fuska uku. Da ƙirar jiragen sama ta kankama a farkon ƙarni na 20, sai ta gaji wannan tsari.

Kowane zane yana da masomin awo, wanda kamfani ke tsaidawa, galibi a gaban hancin jirgi don kada wata lamba ta faɗi ƙasa da sifiri. Daga nan ake ƙirga tashoshi har wutsiya: a zanen da aka yi da inci, tasha ta 300 tana nufin inci 300 bayan masomi. Layin ruwa yana auna bisa, layin gefe kuma nisa daga tsakiyar jirgi zuwa dama ko hagu. Da lambobin nan uku makaniki ke gano ƙusa guda cikin dubbai.

Ma'auni kuwa ya rabu gida biyu. Kamfanonin Amurka, irin su Boeing, sun riƙe inci, Airbus na Turai kuma ya ɗauki milimita. Sai a 1959 Amurka da Ingila da wasu ƙasashe suka amince cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne daidai.

Birnin Lome ma ya saba da zaman ma'auni biyu. Mita ce awon hukuma tun zamanin Turawan mulki, amma 'yan kasuwar Zango, daga tsohuwar unguwar da aka rushe a 1977 har sabuwar ta Agoè, da yadi suke cinikin atamfa, turmi yadi shida. Haka abin yake a filin jirgin Gnassingbé Eyadéma, cibiyar kamfanin ASKY tun fara jigilarsa a 2010: Boeing 737 ɗinsa da inci aka zana su, jiragen Airbus masu zuwa daga Turai kuwa da milimita.

Cakuɗa awo yana da haɗari. A 1983 mai ya ƙare wa wani Boeing 767 na Air Canada yana sama, domin an lissafa shi da fam maimakon kilo. Shi ya sa ake horar da makanikai su tabbatar da ma'auni da masomin kowane zane kafin su ɗora hannu a jirgi.