Ɓera Ba Zai Yi wa Mutum Shaida Ba: Gwajin Dabbobi Don Tallan Abinci

Har zuwa shekarar 2021, kamfanin da ke son ya rubuta a jikin kwalba cewa abin shansa na rage gajiya yana da hanyar da hukumar Taiwan ta amince da ita. Za a ɗura wa ɓeraye abin shan na wasu makonni, sannan a jefa su cikin ruwa, su yi ta iyo har ƙarfinsu ya ƙare su fara nutsewa. Wasu kuma a ɗora su kan injin gudu, duk wanda ya tsaya wutar lantarki ta ja shi. In waɗanda aka ba abin shan suka fi sauran jimawa, to hujjar talla ta samu. A shekarar ta 2021 Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar ta soke gwajin, ta ce a kawo binciken da aka yi a kan mutane. Ina ganin matakin ya dace, kuma ya kamata ya game duk wani iƙirarin lafiya da ake liƙa wa abinci.

Gwajin gano ko sabon sinadari guba ne muhawara ce mai zaman kanta. A nan ana batun shayi ne da madara da ruwan 'ya'yan itace, abubuwan da mutane suka daɗe suna sha lafiya lau. Wahalar da dabbar ke sha ba ta kare kowa daga cuta, iyakarta ta haifar da jumlar da za ta ɗaga farashin kaya.

Jumlar ma ba ta da tushe mai ƙwari, domin jikin ɓera da na mutum sun sha bamban a daidai inda abinci ke aiki. Ɓera na haɗa bitamin C a hantarsa, mutum kuwa sai ya ci. Jijiyoyin jinin ɓera ba sa toshewa da kitse yadda namu ke yi, sai masana sun sauya masa ƙwayoyin halitta kafin ya kamu da cutar da za a ce abincin ya magance. A 2006 sinadarin resveratrol na fatar inabi ya tsawaita rayuwar ɓerayen da aka cika da abinci mai maiƙo. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris, mai bincike a kan sinadarin, kan dala miliyan 720, ya kuma rufe shi a 2013 ba tare da magani ya shiga kasuwa ba.

Labarin POM Wonderful, mai sayar da ruwan rumman a Amurka, ya fi fito da batun fili. A binciken da kamfanin ya ɗauki nauyi an lalata jijiyoyin jinin zomaye don a jawo musu raunin mazakuta, sannan aka shayar da su rumman. Da aka gwada a kan maza, sakamakon da aka buga a 2007 bai kai matsayin hujja ba. A shekarar kamfanin ya daina gwajin dabbobi bayan matsin lambar ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA. A 2010 Hukumar Kasuwanci ta Tarayya ta tuhume shi da yaudarar masu saye, a 2015 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce iƙirarin magance cuta sai da ingantaccen gwaji a kan mutane. Zomayen nan sun sha azaba a banza, kuma wannan abin takaici ne.

Tarayyar Turai ta riga ta bi wannan layi. Ƙarƙashin dokarta mai lamba 1924 ta 2006, binciken mutane ne ginshiƙi, na dabbobi ɗan tallafi ne kawai. Daga iƙirari kusan 44,000 da ƙasashe suka miƙa, 222 ne suka shiga jerin da aka amince da shi a 2012.

Masu adawa na cewa gwaji a kan mutane na da tsada, ƙananan kamfanoni ba za su iya ba. Gaskiya ne yana da tsada. Amma ba wanda ya hana su sayar da kayansu a matsayin abinci. Abin da za su rasa shi ne damar yi wa mai hawan jini ko ciwon suga alkawarin da ba a taɓa gwadawa a jikin mutum ba, kuma tun asali ba su cancanci wannan dama ba.