Elizabeth Anscombe da Jinin Marasa Laifi: Tarihin Wata Gardama a kan Yaƙi

Tun zamanin iyayen Ikkilisiya masu bi suke fama da tambayar yaƙi. Ya halatta Kirista ya ɗauki makami? In ya halatta, wane ne za a iya kashewa, wane ne kuma ba za a taɓa ba? Agustin na Hippo, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar da cewa hukuma tana iya yin yaƙi domin ta tsare jama'a ta kuma hana mugunta, muddin salama take nema. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya tsara sharuɗɗa uku: hukuma halattacciya ce za ta ba da umarni, dalilin ya zama na adalci, niyya kuma ta zama mai kyau. Malaman da suka biyo baya suka ƙarfafa wata ƙa'ida, cewa ba a kai wa marasa laifi hari da gangan.

A ƙarni na 20 jirgin sama da bam suka sa wannan koyarwa cikin gwaji mai tsanani. A wannan darasi za mu bi tarihin wata masaniyar falsafa, Elizabeth Anscombe, wadda ta kāre tsohuwar ƙa'idar a lokacin da manyan malamai da yawa suka saki hannu.

Tasowarta

An haifi Gertrude Elizabeth Margaret Anscombe a ranar 18 ga Maris, 1919, a birnin Limerick na ƙasar Ayalan, inda mahaifinta yake aiki a matsayin hafsan sojan Birtaniya. A 1937 ta shiga Jami'ar Oksfod, ta karanta Helenanci da Latin da tarihi da falsafa. Tana ɗaliba ta shiga Ɗarikar Katolika, kuma a cikinta ta zauna har mutuwarta. A 1941 ta auri Peter Geach, shi ma masanin falsafa, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ta yi karatu a gaban Ludwig Wittgenstein a Kembirij, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ya bar wa amanar rubuce-rubucensa, ita ce kuma ta fassara babban littafinsa na ƙarshe daga Jamusanci zuwa Turanci, aka buga shi a 1953.

Batun yaƙi ya kama ta tun da wuri. A 1939, da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, ita da wani ɗalibi mai suna Norman Daniel suka wallafa wata 'yar ƙasida suna auna yaƙin da ma'aunin Akwinas. Ba su musa muguntar Hitler ba. Abin da ya dame su shi ne manufar Birtaniya ba ta da iyaka bayyananniya, kuma alamu sun nuna za a kai ga kai wa farar hula hari. Shekarunta ashirin a lokacin.

Abin da suka ji tsoro ya faru. A watan Yuli na 1943 jiragen Birtaniya da Amurka suka ƙone Hambug. A Fabrairun 1945 aka yi wa Diresdin haka, a Maris aka yi wa Tokiyo. Akwai Kiristocin da suka yi magana: Bishop George Bell na Cocin Ingila ya soki ruwan bama-bamai a kan birane a Majalisar Dattawan Birtaniya a Fabrairun 1944, wani limamin Katolika ɗan Amurka, John Ford, ya yi rubutu mai ƙarfi a kan batun a wannan shekara. Amma su tsiraru ne. A ranar 6 ga Agusta, 1945, aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, a ranar 9 aka jefa na biyu a Nagasaki, kusa da babbar majami'ar Katolika ta Urakami. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar mutum kimanin 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 70,000 a Nagasaki, galibinsu farar hula.

Digirin Truman

A 1956 Jami'ar Oksfod ta yi shawarar ba Harry Truman, tsohon shugaban Amurka wanda ya amince a jefa bama-baman, digirin girmamawa. A lokacin Anscombe malama ce a Kwalejin Somerville, ba ta da wani babban muƙami. A watan Mayu ta miƙe a babban taron malaman jami'ar ta ce ba ta yarda ba. Ta tambaye su, in za a girmama mutumin da aka san shi da wannan aiki, me zai hana a girmama Nero ko Jengis Khan? Masanin tarihi Alan Bullock ne ya kāre shawarar, yana mai cewa mutane da yawa ne suka ƙera bam ɗin, bai kamata a ɗora wa mai sa hannu nauyin duka ba. Kaɗan ƙwarai suka goyi bayanta, cikinsu har da abokiyar aikinta Philippa Foot. A watan Yuni aka ba Truman digirinsa. Ita kuwa ta rubuta hujjojinta a wata ƙasida da ta kira Digirin Mista Truman, ta buga ta da kanta.

Ya kamata mu fahimci hujjar ɗaya ɓangaren da kyau, domin ba ta banza ba ce. Yaƙin Okinawa, daga Afrilu zuwa Yuni 1945, ya ci rayuka masu ɗimbin yawa daga kowane gefe. Amurka ta shirya mamaye babban yankin Japan a watan Nuwamba, kuma ana sa ran ɓarna fiye da haka. Masu kāre Truman suka ce bam biyu sun ceci rayukan da suka fi waɗanda suka hallaka yawa.

Anscombe ba ta tsaya jayayya a kan lissafin ba. Ta yarda cewa in zaɓi biyu ne kawai, mamaya ko bam, mai yiwuwa bam ɗin ya rage yawan matattu. Amma ta tambaya: wa ya taƙaita zaɓin zuwa biyu? Tun taron Kasabalanka na Janairun 1943 ƙasashen ƙawance suka ce ba za su karɓi komai ba sai miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba. Wannan buƙata marar iyaka, a ganinta, ita ce tushen matsalar, gama wanda ya ɗaura wa kansa manufa marar iyaka zai nemi hanyoyi marasa iyaka. A ƙarshe ma an bar Sarkin Japan a kan karagarsa. Sa'an nan ta kawo ainihin maganarta: kashe marar laifi da gangan domin a cim ma wata manufa kisan kai ne, komai kyawun manufar. An zaɓi birane ne domin yawan mutuwar ta girgiza gwamnatin Japan. Ashe mutuwar mazauna birnin ita ce hanyar da aka bi, ba hatsarin da ya faru a gefe ba.

Wane ne "marar laifi" a wannan magana? Ba mai tsarkin zuciya take nufi ba. Tana nufin wanda ba ya cikin aikin cutarwa. Sojan da aka tilasta wa shiga yaƙi yana iya zama mutumin kirki, amma tun da yana riƙe da makami yana kawo hari, ana iya yaƙarsa. Manomi da jariri da tsohuwa, ko da suna ƙaunar gwamnatinsu, ba sa cikin wannan sahu.

Daga yaƙi zuwa tushen ɗabi'a

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda malamai masu ilimi suka kasa ganin abin da take gani. Wannan ya sa ta koma binciken tushe. A 1957 ta wallafa wani ɗan littafi a kan niyya. A ciki ta ba da misalin mutumin da yake buga famfo yana tura ruwa zuwa wani gida, alhali ya san an sa wa ruwan guba. Me yake yi? Yana motsa hannu, yana buga famfo, yana cika tankin gidan, yana kashe mutanen gidan. Motsi ɗaya ne, amma in ka ci gaba da tambayarsa "don me?", amsoshinsa za su tona abin da yake nufi. Haka yake ga mai sa hannu a takarda. Ba zai ce tawada kawai ya zuba ba, in ya san abin da takardar za ta haifar kuma don haka ya sa hannu.

A 1958 ta rubuta maƙalarta mafi shahara, a kan falsafar ɗabi'a ta zamani. Ta ce manyan malaman Ingila tun daga Henry Sidgwick, duk da bambance-bambancensu, sun haɗu a abu ɗaya: babu aikin da ya haramta a kowane hali, sakamako ne kaɗai ke nuna kyau ko muni. Ita ce ta ƙirƙiro sunan da ake kiran wannan aƙida da shi a Turanci har yau. Ta nuna cewa aƙidar ta saɓa wa gādon Yahudawa da Kirista, inda akwai abubuwan da aka hana ko da me za a samu, kamar kisan marar laifi da ridda da zina. Ta kuma ce malaman zamani suna amfani da kalmar "wajibi" bayan sun yi watsi da Allah Mai ba da doka, kamar mai riƙe da hukuncin alƙali bayan an rushe kotu. Ta ba da shawarar a koma ga nazarin halayen kirki, irin su adalci da gaskiya da ƙarfin zuciya, yadda Aristotil ya yi. Daga nan ne nazarin halin kirki ya farfaɗo, har ya kai ga ayyukan Philippa Foot da Alasdair MacIntyre.

A 1961 ta koma kan yaƙi da wata maƙala mai suna Yaƙi da Kisan Kai. A nan ta yi gargaɗi ga ɓangarori biyu. Ga 'yan ɗarikarta ta ce suna wasa da ƙa'idar sakamako biyu. Ƙa'idar tana cewa akwai bambanci tsakanin abin da mutum ya nufa da abin da ya hango zai faru ba da nufinsa ba. Matuƙin da ya kai hari kan ma'ajiyar makamai, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma wasu farar hula suka mutu, bai yi daidai da wanda ya auna unguwa ba. Sai dai wasu sun mai da niyya wata magana da mutum yake faɗa wa kansa a zuci, ya ƙone gari ya ce shi barikin soja yake nufi. Ta ce wannan yaudarar kai ce. Ga masu ƙin yaƙi gaba ɗaya kuma ta ce, in aka koya wa mutane cewa duk zubar da jini ɗaya ne, ranar da suka ga dole su yi yaƙi ba za su san wata iyaka ba.

Abin da ya biyo baya

A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta yi tir da duk aikin yaƙi da ke nufin shafe birane da mazaunansu. A 1977 aka ƙara wa Yarjejeniyoyin Janiba wani sashe da ya wajabta bambanta mayaƙa da farar hula. A wannan shekara Michael Walzer ya wallafa littafinsa a kan yaƙin adalci da na zalunci, wanda aka daɗe ana koyarwa a makarantar hafsoshin Amurka ta West Point. Walzer ya yi tir da Hiroshima, amma ya bar ƙofa: in al'umma tana bakin hallaka, kamar Birtaniya a 1940, ana iya ƙetare ƙa'idar. Wannan ƙofa ce Anscombe ta ƙi buɗewa, kuma gardamar tana nan har yau. Ita kanta ta zama farfesar falsafa a Kembirij a 1970, a kujerar da Wittgenstein ya taɓa riƙewa, ta yi ritaya a 1986, ta rasu a ranar 5 ga Janairu, 2001.

Darasi ga mai hidima

Tushen matsayinta yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Romawa 3:8 Manzo Bulus ya ƙi ra'ayin aikata mugunta domin a sami alheri. A Yohanna 11:49-50 Kayafa ne ya yi lissafin ran mutum ɗaya da na al'umma, ya yanke cewa kashe marar laifi ya fi riba. A 2 Sama'ila 11 da 12 Dawuda bai zare takobi ba, wasiƙa kawai ya rubuta, amma Annabi Natan ya ɗora masa jinin Uriya. A Luka 3:14 kuma Yohanna Mai Baftisma bai ce wa sojoji su bar aikinsu ba, ya dai hana su ƙwace da ƙazafi.

Ba lallai ne mu yarda da ita a kome ba. Ikkilisiyoyin salama, irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923, za su ce ba ta yi musu adalci ba, gama ƙin ɗaukar makami a wurinsu biyayya ce ga Huɗubar Yesu a kan Dutse, kuma sun biya tsadarta. Amma mai ƙin yaƙi da mai yarda da yaƙin adalci sun haɗu a nan: ba a taɓa jinin marar laifi.

Fasto yana da sojoji da 'yan sanda da 'yan sintiri a cikin garkensa. Yana kuma iya samun kansa a gaban matasan da aka kashe musu 'yan'uwa, suna shirin ramuwar gayya a kan duk wanda ya yi kama da maharan ta yare ko addini. Za su ce in ba a tsoratar da su ba, za su dawo. Lissafin Hiroshima ke nan a ƙaramin ma'auni. A irin wannan rana mai hidima yana bukatar ya riga ya san bambancin tsare gari da kashe matafiyi a hanya, ya kuma riga ya koyar da shi tun ana zaman lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me Anscombe take nufi da "marar laifi"? Su wa wannan ma'ana ta tsare a rikicin ƙabilanci ko na addini?
2. Kwatanta hujjar Kayafa da ta masu kāre Truman. Ina suka yi kama, ina suka bambanta?
3. Shin akwai halin matsi da zai halatta abin da Allah ya hana? Auna ra'ayin Walzer da Romawa 3:8.
4. Wace shawara za ka ba sojan ikkilisiyarka da aka umarta ya buɗe wuta a kan mutanen da ba su da makami?