BAGEGA: GARIN DA YA KWANA A KAN ZINARE

A wannan makon na ɗan jingine labarin da muke kawowa, domin mu leƙa wani gari da mu mutanen Magami muka daɗe muna jin sunansa a bakin masu zuwa cin rani, wato Bagega ta ƙaramar hukumar Anka.

Asalin Bagega garin manoma ne a ƙasar Sarkin Zamfaran Anka, can cikin daji inda hanya kan gagari mota da damina. Shi kuwa zinare ba baƙo ba ne a yankin, domin tun shekarun 1930 Turawa suka haƙe shi a wajajen Anka da Maru, sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo suka mayar da hankali kan kuzar Jos, ramukan suka mutu.

Garin ya farka ne daga 2008, lokacin da farashin zinare ya haura dala 1,000 kan kowace oza a kasuwar duniya, har ya kai wajen dala 1,900 a 2011. Nan da nan manomi ya ajiye fartanya ya ɗauki diga, baƙi suka cika gari, babura suka yawaita. Aikin kuwa ga yadda yake: a ciro dutse daga rami, a farfasa da guduma, a niƙe a injin niƙan hatsi, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba, sannan a ƙona. Matsalar ita ce an riƙa yin wannan aiki a cikin gidaje, a tsakar gidan da mata ke daka, yara ke rarrafe, alhali dutsen cike yake da dalma.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, da amai da taune-taune. Gwaji ya nuna gubar dalma ce, kuma yaran da suka rasu sun kai 400. An kankare ƙasar ƙauyuka bakwai aka zuba sabuwa, amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai aka bar ta tana jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Su kuma likitoci ba su da damar fara magani, tunda yaron da aka wanke wa jini cikin gubar zai koma. Sai a Janairun 2013, bayan matsin lamba daga matasa irin su Hamzat Lawal, Shugaba Goodluck Jonathan ya amince aka saki kuɗin.

Mai karatu, na sha jin ana cewa kwaɗayi ne ya kashe yaran Bagega, ni dai ban yarda ba. Wanda gonarsa ba ta ciyar da shi shekara, aka nuna masa dutsen da zai biya sadaki ya rufa ɗaki da kwano, wa zai hana shi? Kuma babu wanda ya gaya masa ƙurar nan ajali ce. Halin garin ke nan, juriya da neman na kai, ba tare da majiɓinci ba. Zinaren ya bi dillalai ya fita, ƙurar ta zauna.

Daga baya 'yan bindiga suka shigo harkar, gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. MSF kuma ta miƙa aikin maganin ga jiha tun 2022. To tunda an koma rami, roƙona ga sarakuna da malamai shi ne su tsaya kada dutsen nan ya sake shiga tsakar gida, kuma mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba Zamfara lafiya. Mako mai zuwa za mu ci gaba da labarinmu.