Ƙananan Gonakin Inabin Giya a Gangaren Douro: Ƙasa, Ƙwadago da Takardar Izini

Wannan maƙala ta duba yadda ƙaramin manomi ke riƙe gidansa da noman inabin giya a kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal, yankin da hukuma ta shata wa iyaka tun 1756, zamanin Marquês de Pombal. Manoman inabi a wurin sun kai kimanin 20,000. Galibinsu gonar gado suke nomawa, wadda ba ta wuce hekta ɗaya ko biyu ba, sau da yawa ma gutsi-gutsi ce a warwatse a jikin tsauni.

Da ƙyar a kira abin da suke shuka a kai ƙasa. Dutse ne mai ɓarewa falle-falle, saiwar inabi na bin tsagoginsa ta nutsa can ƙasa neman danshi, shi ya sa kurangar ke jure zafin bazara ba ban-ruwa. Kakanni ne suka farfasa shi da hannu, suka jera katangu ba siminti, suka mayar da gangaren hawa-hawa. Wanda ya taɓa ganin gonakin tsaunin Sukur a jihar Adamawa zai gane fasalin nan take.

A shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa da ya fito daga Amurka, filoksera, ya shigo kwarin ya yi kaca-kaca da gonaki. Mafitar da aka samu ita ce aure: a dasa gindin inabin Amurka mai jure ƙwaron, a ɗaura masa reshen irin gida. Iyalai da yawa ba su da ƙarfin sake dashe, suka watse. Kufan gonakinsu na nan har yau, katangu a tsaye, ciyawa ta cinye tsakaninsu.

Tsofaffin hawan sun yi wa tarakta ƙunci, sai alfadari da hannu. A shekarun 1980 wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa ya sa aka yanka sababbin hawa masu faɗi da katafila, aka dasa iri biyar zaɓaɓɓu, ciki har da Touriga Nacional da Tinta Roriz. Aiki ya yi sauƙi, amma gefen hawan da ba katanga ya jawo zaizayar ƙasa da yawan feshin ciyawa.

Sai dai abin da ke yanke wa iyali rabonsu ba ya cikin gona, yana kan takarda. A ƙarshen shekarun 1940 masanin noma Álvaro Moreira da Fonseca ya tsara ba kowace gona maki, bisa tsayinta sama da teku, irin dutsenta, inda ta fuskanta, shekarun kurangar da yawan amfaninta, sannan a sa ta a aji daga A zuwa ƙasa. Kowace shekara hukumar kula da giyar yankin, IVDP, ke ƙayyade yawan ruwan inabin da za a mayar giyar Port, ta raba izinin gwargwadon aji. Inabi mai izini kan yi ninkin kuɗin marar izini, ko da kuwa daga kuranga ɗaya aka tsinko su. Tsarin ya kare ƙaramin manomi daga 'yan kasuwar giya na Vila Nova de Gaia, amma ya ɗaure wuyansa ga kasuwa guda wadda ke ja da baya.

A watan Satumba ake ganin tsadar gangaren. Tsinka da almakashi ake yi, a ɗauko akwatunan a kafaɗa zuwa bakin hanya, alhali matasan ƙauyukan sun tafi ci-rani Porto, Faransa da Suwizalan. Dole mai gona ya biya 'yan ƙwadago, ko ya jira dangi su zo ƙarshen mako. Ana cikin haka hukumar ta rage izinin daga ganga 104,000 a 2023 zuwa 90,000 a 2024, kowace ganga lita 550, manoma kuwa suka fito zanga-zanga a garin Peso da Régua.