Ahura Mazda da Sunan da Aka Liƙa wa Maguzawa

Ɗalibin ilimi a zaurukan Agadas, idan karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya kai shi kan jiziya, zai ji an ambaci Majusu cikin waɗanda ake karɓa a hannunsu. Fassarar da aka saba ba shi ita ce masu bautar wuta, sai a wuce. A ganina wannan gaggawa ta tauye haƙƙin al'umma biyu: Majusu da Maguzawa.

Abin bautar Majusu, wato mabiya Zaradasht, shi ne Ahura Mazda, Ubangiji Mai Hikima, wanda suke ɗauka mahaliccin sama da ƙasa da gaskiya. Shi ake kira a cikin Gatha, waƙoƙi 17 da ake jingina wa Zaradasht. Sarki Dariyus na Farisa, a rubutun da ya sa aka sassaƙa a dutsen Behistun wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi ta nanata cewa da yardar Ahura Mazda mulki ya zo hannunsa. Wuta kuwa alamar tsarki ce da ake fuskanta lokacin addu'a, haka Farsawan Mumbai, masu bin wannan addini, ke faɗa har yau. Inda suka rabu da malaman tauhidi shi ne batun sharri. Sun ƙi yarda a ce mai alheri ya halicci mugunta, sai suka ɗora ta a kan wani ruhi, Angra Mainyu, wanda za a ci da yaƙi a ƙarshen zamani. Musulmi ba zai karɓi wannan amsa ba, amma tambayar da ta haife ta ba ta wasa ba ce.

To ina haɗinsu da Maguzawa? Masana da dama na ganin daga Majusu sunan ya fito, kuma fiƙihu ne ya kawo shi. Halifa Umar ya karɓi jiziya daga Majusu bayan Abdurrahman bin Auf ya shaida cewa Annabi (SAW) ya karɓa daga na Hajar. Ta wannan ƙofa Bahaushen da bai musulunta ba ya samu amana, ya ci gaba da nomansa.

Sai dai aƙida ba ta biyo sunan ba. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano, ya tarar sun yarda Allah ne sama da kowa, yanka kuwa sai ga iskoki irin su Inna da Kure. Babu gidan wuta, babu littafi, babu wani abokin gaba da ke ja da Mahalicci.