Amsoshin Wasiƙunku: Wa Ya Fara Haɗa Waƙoƙin Mawaƙa Daban-Daban A Kaset Guda?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu da ke zaune a Gyadi-Gyadi, yana kuma sayar da hatsi a kasuwar Tarauni, ya aiko da wasiƙa cewa mahaifinsa ya rasu ya bar masa buhu guda na tsofaffin kaset-kaset. Kowanne ka saka, sai ka ji Shata, can Ɗanƙwairo, can kuma waƙar Indiya. Yana so ya san wanda ya fara wannan gamin-gambiza, da kuma ko akwai amfanin ajiye su, tunda yanzu komai yana cikin waya.

AMSA: To Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata namu zuwan. Kafin in shiga tarihi, kada ka kuskura ka zubar da buhun nan. Dalili na tafe.

Da farko dai, a zamanin garmaho ba a iya wannan haɗin, domin faifan lokacin bai ɗaukar abin da ya wuce wajen minti uku a kowane gefe. Sai a shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai cin minti ashirin da wani abu a gefe guda. Daga nan hanya ta buɗe.

A cikin waɗanda suka mai da abin kasuwa sosai akwai wani ɗan tireda a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, mai suna Philip Kives. Asalinsa tallar wuƙaƙe da tukwane yake yi. A shekarar 1966 kamfaninsa na K-tel ya tara waƙoƙi 25 da suka yi tashe ya zuba su a faifai ɗaya, yana tallarsa a talabijin kamar yadda yake tallar tukunya. Don waƙoƙi su shiga da yawa, kamfanin yakan datse wasunsu. A Ingila kuwa, a shekarar 1983 kamfanonin Virgin da EMI suka haɗa kai suka fara jerin da ake kira Now That's What I Call Music, na farkon da waƙoƙi 30. Ba su fasa ba har suka fitar da na 100 a shekarar 2018. Watau a can, kamfani ke duba waƙoƙin da suka fi ciniki, ya nemi izinin masu su, ya biya, sa'an nan ya buga sunan kowa a bayan kwali.

To mu nan Kano ba haka abin ya zo mana ba. Gaskiya ne kamfanin EMI ya buga fayafayen Alhaji Mamman Shata, amma faifai kayan masu hali ne. Abin da ya kai waƙa ƙauye shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a shekarar 1963. Ya yaɗu a ƙasar nan tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, rikoda mai batir ta shiga gidaje, har ta kai gona da rumfar mai shayi.

A nan, mai zaɓen waƙa ba kamfani ba ne, kai ne da mai shago. Ka je da kaset wanda babu komai a ciki, ko mai minti 60 ko mai 90, ka ce a fara maka da Ɗanƙwairo, a bi da Haruna Uji, in wuri ya rage a cike da Barmani Coge saboda uwargida. Manyan dillalai suna Ƙofar Wambai da wajajen Bata, daga can ƙananan 'yan kasuwa ke sara su bi kasuwannin ƙauye ranar cinsu. Sai dai fa waƙar Bature minti uku ce, ta Shata kuwa wata sai ta cinye gefen kaset ba ta ƙare ba. Shi ya sa za ka ji ana tsakiyar amshi sai ƙat! kaset ya tsaya. In ka juya, wani mawaƙin ne daban. Wanda bai taɓa sa biro yana naɗe zaren kaset don tattalin batir ba, bai san wancan zamani ba.

Daga ƙarshen shekarun 1990 sai waƙoƙin finafinan Hausa suka karɓe kasuwa, musamman bayan fim ɗin Sangaya. Titin Gidan Zoo, nan maƙwabtanka, ya cika da ofisoshin 'yan fim da ɗakunan ɗaukar waƙa. Aka koma faifan CD, daga baya kuma memori. Kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumarka ta Tarauni ta zama matattarar masu tura waƙa. Aikin dai shi ne na mai shagon kaset na da, illa iyaka waƙa goma ta zama ɗari biyar.

A ganina wannan tsari namu ya yi rana, ya kuma yi ɓarna. Ya yi rana domin talaka ya ji abin da ransa ke so a kan kuɗi kaɗan, mawaƙi kuma sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, a gayyace shi biki a yi masa kari. Ɓarnar kuwa biyu ce. Ta farko, mai waƙa ba ya samun ko kwabo daga kwafin, duk da akwai dokar haƙƙin mallaka ta 1988, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2023. Ta biyu ta fi ciwo, domin ba kasafai ake rubuta shekara ko wurin da aka yi waƙar ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Da yawan waƙoƙinsu ba a ɗakin kamfani aka ɗauka ba. A dandalin biki ne ko ƙofar fada, wani ya ɗaga rikodarsa ya naɗa. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi aiki mai yawa wajen tattarawa, amma abin da ke cikin waya a yau shi ne kawai abin da wani ya yi ɗawainiyar kwashewa daga kaset. Mai yiwuwa a buhunka akwai waƙar da ba ta cikin wayar kowa.

Saboda haka, ka fitar da su daga buhu ka jera a kwali, nesa da rana da danshi da lasifika, don maganaɗisu na goge kaset. Ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kowanne, kada yaro ya danna jan maɓalli ya naɗi hira a kai. In za ka kai a mayar maka cikin memori, ka tsaya a yi a gabanka, ka karɓi kaset ɗinka, kada a ce maka ai ya gama aiki. Duk abin da mahaifinka ya rubuta a jikin kwalin, ko da ajami ne, a sa shi a matsayin sunan waƙar. Waɗanda ba rubutu, ka kunna wa abokansa da suka rage a kasuwa, su faɗa maka bikin wa aka yi, a wane gari.